Zuciya Ba Ta Tsayawa A Ɗauki Hotonta

Duk mai ɗaukan hoto a birnin Katsina ya san hasumiyar Gobarau ba ta ba shi wahala, domin tsaye take cik. Amma doki a kan sukuwa ranar hawan salla a Ƙofar Soro, sai gwani, shi ma sau da yawa hoton ya fito dishi-dishi. To, irin wannan wahala ce likitoci ke sha a kan jijiyoyin da ke shayar da zuciya.

Tun a ƙarni na 13 Ibnun Nafis, likitan Misira, ya saɓa wa Ibnu Sina, ya ce abincin zuciya daga jijiyoyin da ke ratsa jikinta yake zuwa. Manyansu biyu ne, ta dama da ta hagu, kaurinsu milimita 3 zuwa 4, watau ba su kai alƙalamin almajiri ba. Idan kitse ya ƙuntata ɗaya, ƙirji ya riƙa ciwo. Idan ta toshe, mutum na iya faɗuwa a bakin rumfarsa.

Na'urar maganaɗisu da ake kira MRI, wadda Paul Lauterbur na Amurka ya bayyana asalinta a 1973, tana ganin cikin jiki ba da yanka ba. Sai dai ba ta ɗaukan hoto farat ɗaya, tattara shi take yi kaɗan-kaɗan, alhali kuwa zuciya tana bugawa kamar sau 100,000 kowace rana, jijiyoyin suna tafiya tare da ita. Ta dama ma ta fi ta hagu kai da kawowa. Ga kuma numfashi, wanda ke ɗaga zuciya ya sauke ta.

Dabarar da aka yi abin a yaba ce. Bayan zuciya ta matse ta saki, tana da ɗan sukuni kafin bugu na gaba, wani yanki ƙanƙane na daƙiƙa. Sai a manna wa majiyyaci wayoyi a ƙirji su shaida wa na'ura lokacin, ta ɗebi rabonta, ta dakata har wani bugun. Game da numfashi kuwa, ko a ce ya riƙe shi, ko na'urar ta bi motsin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Gwargwadon saurin bugu, gwargwadon gajartar sukunin nan, shi ya sa akan ba da magani ya lafa.

Hoto mai dishi-dishi yana iya ɓoye ƙuncin da ke akwai, ko ya nuna wanda babu. Saboda haka har yanzu likitoci suka fi dogara ga hoton CT, ko zura siririn bututu cikin jijiya. Wanda aka tura ɗakin maganaɗisu lalle ya cire zobe, da laya mai ƙarfe, ya kuma faɗa in an taɓa dasa masa wata na'ura a ƙirji.