Dalilin Rikicewar Gashi a Allon Masu Ƙera Mutum-mutumi da Kwamfuta

A cikin sana'o'in zamani akwai ta masu ƙera mutum-mutumi a kwamfuta, watau irin mutanen da ake gani a majigin zane da wasannin bidiyo. Ba abin da ke ba su wuya kamar gashi. Mai sana'a yakan yi kwana da kwanaki yana shirya suma, amma da ya juya kan a allon gwaji sai ya ga gashin ƙeya ya fito bisa na goshi, ko kuwa ya ga sanƙo inda ya tabbata ya sa gashi. Wanda bai san dalili ba sai ya rushe aikinsa a banza.

Ga yadda abin yake. Kan ɗan Adam yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000, ya fi ƙarfin a zana su ɗaya-ɗaya a wasan bidiyo. Saboda haka akan yi dabara: a jera waɗansu falle-falle sirara a kan, a zana siloli da yawa a bisa kowanne, sa'an nan a mai da tsakanin silolin shara-shara kamar gilashi. Ma'aunin wannan shara-shara ana ce da shi alfa. Waɗansu masana biyu na Amurka, Ed Catmull da Alvy Ray Smith, su suka ƙago shi wajen ƙarshen shekarun 1970.

To, allon gwaji gaggawa yake yi, gama yakan sake hoton sau 30 ko 60 a daƙiƙa guda. Dabararsa, wadda aka sani tun 1974, ita ce a kowane ɗigo na allo ya riƙe abin da ya fi kusa da mai kallo, ya yar da na bayansa. Wannan ya dace da bango ko fata. Amma abu shara-shara dole a fara zana na baya, sa'an nan a ɗora na gaba. Kwamfuta kuwa takan jera abubuwa ne ɗungum, ba falle-falle ba, ita kuma sumar abu guda ce a wurinta. In fallen gaba ya riga shiga, sai ya tare na baya, sanƙo ya bayyana. In kuwa aka hana shi tarewa, sai na baya ya hau kansa.

Magani iri uku ne. Na farko, a yanke hukunci: kowane ɗigo ko a nuna shi sarai ko a ɓoye shi sarai. Rikici ya ƙare, amma bakin gashin ya yi kaushi. Na biyu, a warwatsa ɗigogin kamar yayyafi, ido ya haɗa su da kansa. Manhajar Blender tana kiran wannan Dithered tun fitowarta ta 4.2 a 2024. Na uku, a raba sumar hawa-hawa, na ciki dabam, na waje dabam, don kwamfuta ta iya jera su. Har wa yau a duba ko wani falle ya juya baya, domin manhajoji da yawa ba su zana bayan abu.

Kafin mai sana'a ya taɓa kome, sai ya tuna inda aikin za shi. In na majigi ne, yawanci hoton ƙarshe ana yinsa a tsanake, ana bin kowane zaren haske yana ratsa falle bayan falle, laifin kuwa ba zai fito ba. In na wasan bidiyo ne, wajibi ne ya gyara, gama dabarar gaggawar nan ita za ta zana gashin a gaban mai wasa.