Ƙasa Marar Zurfi a Kan Dutsen Laka: Darasi Daga Filayen Kiwo na Dakota

Gabatarwa

Idan makiyayi ya dubi filin kiwo, ciyawa da ruwa su ne abin da idonsa yake fara nema. Da wuya ya tambayi kaurin ƙasar da ciyawar take tsaye a kai, balle irin dutsen da ke kwance a ƙarƙashinta. Alhali kuwa a wuraren da ruwan sama bai wadata ba, waɗannan abubuwa biyu su ne suke ƙayyade yawan dabbobin da fili zai iya ɗauka, wani lokaci ma har da lafiyarsu. Domin bayyana haka, za mu ɗauki misali daga yammacin jihar Dakota ta Kudu a ƙasar Amurka, inda aka daɗe ana nazarin irin wannan ƙasa.

Asalin Dutsen

Dutsen laka, wanda masana ke kira shel, laka ce da ta kwanta a gindin ruwa, wata ta hau kan wata, nauyi ya matse ta har ta daskare. Ana gane shi da yadda yake ɓarewa falle-falle. Kimanin shekara miliyan 70 zuwa 80 da suka shuɗe, wani teku marar zurfi ya ratsa tsakiyar Amurka ta Arewa, tun daga kudu har zuwa tekun ƙanƙara na arewa. Lakar da ta taru a gindinsa ita ce ta zama baƙin dutsen da ake kira shel na Piya. A cikinsa akwai siraran shimfiɗu na tokar duwatsu masu aman wuta, waɗanda suka rikiɗa suka zama yumɓu mai kumbura.

Mu ma muna da irin wannan dutse. A yankin Sakkwato akwai dutsen laka na Dukamaje da na Dange, su ma ragowar wani tsohon teku ne. A dutsen Dukamaje aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa mai kama da kada, aka raɗa mata suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo. An sami danginta a dutsen Dakota ma.

Me Ya Hana Ƙasar Yin Zurfi?

Ƙasa tana samuwa ne yayin da ruwa da zafi da sanyi da saiwoyin tsirrai suka yi ta ruguza dutse a hankali. A ma'aunin masana ƙasa na Amurka, duk ƙasar da ba ta wuce santimita 50 ba kafin a tarar da dutse, marar zurfi ce. A kan tuddan yammacin Dakota, yawanci haka abin yake, saboda dalilai uku.

Na farko, ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 350 zuwa 450 ba, don haka aikin ruguza dutse yana tafiyar hawainiya. Na biyu, yumɓun nan mai kumbura yana toshe wa ruwa hanya. Da rani yakan tsattsage, ruwan farko ya shige ta tsagogin, amma da zarar ya jiƙe sai ya kumbura, tsagogin su rufe, sauran ruwan ya malale ta sama. Na uku, a kan gangare ruwan da ke malala yana kwashe ƙasa kusan daidai da yadda take samuwa.

Mai karatu zai iya auna illar wannan da ɗan lissafi. Kowace santimita ɗaya ta ƙasa mai yumɓu tana riƙe wa tsiro ruwan da bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Ke nan ƙasa mai kaurin santimita 30 ba za ta adana fiye da kimanin milimita 40 ba, abin da ciyawa za ta iya shanyewa cikin kwana goma na zafi. Ciyawar da ke jure wannan hali ita ce mai daɗewa a ƙasa, mai saƙa saiwoyi kamar tabarma, irin su Bouteloua gracilis da Pascopyrum smithii. Saiwoyinta sukan kutsa har cikin tsagogin dutsen don neman danshi, kuma su ne suke ɗaure ƙasar.

Guba Daga Gindin Teku

Dutsen ya bar wa ƙasar wani gado kuma. A shekarar 1856, wani likitan soja mai suna Madison ya lura da wata cuta a jikin dawakin sansanin Randal da ke bakin kogin Misuri: gashin geza da na jela yana zubewa, kofato yana tsagewa, har doki ya kasa tafiya neman abinci. Manoman da suka zauna a yankin daga baya sun ɗora laifin a kan ruwa mai kanwa. Sai a shekarun 1930 binciken Kurt Franke da wasu masana ya tabbatar da cewa sinadarin seleniyam ne sanadi. Sinadarin ya taru a lakar tekun nan. Inda ruwan sama ya yawaita, yakan wanke shi ko ya ɗaure a cikin ƙasa mai tsami, amma a busasshiyar ƙasa mai kanwa yana zama cikin siffar da saiwa ke iya zuƙa.

Abin mamaki, a shekarar 1957 an gano cewa jikin dabba yana bukatar seleniyam ɗan kaɗan. Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce. Idan ya wuce kimanin miligiram 5 a kowane kilo na busasshen abinci, kuma dabba ta daɗe tana ci, cutar takan bayyana. Wasu tsirrai, kamar Astragalus bisulcatus, suna tara dubban miligiram a kilo guda, har suna wari mai kama da na tafarnuwa. Dabbobi sukan guje su muddin akwai ciyawa. Sai fili ya ƙare, yunwa ta matsa, sannan su afka musu.

Abin da Garma Ta Jawo

Dokar rabon filaye ta 1862 ta ba kowane magidanci eka 160, watau kimanin hekta 65. Wannan ya isa a gabas mai ni'ima, amma bai isa a kan dutsen laka ba. Da baƙi suka cika yammacin Dakota a farkon ƙarni na 20, sai suka sa garma suka keta tabarmar saiwoyin nan, suka kuma tara dabbobi fiye da kima. Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da farin shekarun 1930 ya zo, iska da ruwa suka kwashe 'yar ƙasar da ke sama, wurare da yawa suka koma fako da kwazazzabai, iyalai suka yi ƙaura. Gwamnati ta sayi ɗimbin gonakin da aka watsar, ta mayar da su filayen kiwo, kuma a 1960 aka ayyana su a matsayin filayen ciyawa na ƙasa. Ana kiwo a cikinsu har yau, amma bisa izini, da ƙayyadadden adadin dabbobi da lokacin shiga.

Kammalawa

Darasin da za mu ɗauka shi ne, ƙasa marar zurfi a kan dutsen laka ta dace da kiwo mai sauƙi kawai. Wajibi ne a bar wa ciyawa wani kaso na ganyenta, a hutar da fili bayan fari, a kuma nisanta garma daga gangare. Samar da santimita ɗaya ta ƙasa a busasshen wuri yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi kuwa yana iya kwashe ta daga fili tsirara. Don haka kafin hukuma ta keɓe wurin kiwo ko ta haƙa rijiyar da za ta tara garkuna wuri guda, ya kamata a fara haƙa ramin gwaji, a auna kaurin ƙasar, a kuma san dutsen da ke ƙarƙashinta.