Saiwar Rawaya Da Ciwon Hanta: Abin Da Bincike Ya Nuna

A Tudun Wadan Zariya, idan idon mutum ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja, nan da nan makwabta za su ce shawara ce, a nemo saiwar rawaya a jiƙa masa. Wannan al'ada ta daɗe, ta ma girmi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yi shekaru a wannan unguwa kafin ya koma Shika a 2005.

Hanta ita ce ke tace duk abin da ya shiga jini daga ciki, saboda haka ita guba kan fara yi wa lahani. Misali, ƙwayar farasitamol da ake saya ba tare da takardar likita ba, idan baligi ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, yana iya ƙona hantarsa. Haka kuma gyaɗa ko masara da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar afalatoksin, wadda aka gano bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960. Cin ta a kai a kai yana jawo sankarar hanta.

Masana harhaɗa magunguna a jami'o'i, har da na Samaru, sun sha gwada tsirrai irin su rawaya da zogale da soɓorodo. Yadda ake yi shi ne a raba ɓeraye gida biyu, a ɗura wa gida ɗaya ruwan tsiron, sa'an nan a ba dukkansu guba. Bayan haka sai a auna sinadaran da ke zubowa cikin jini idan hanta ta ji rauni. A gwaje-gwaje da dama, ɓerayen da suka sha tsiron sun fi samun sauƙi, kuma ana danganta haka da sinadaran da ke hana ƙwayoyin hanta lalacewa.

To, amma akwai abin lura. Sau da yawa ɓera kan sha maganin ne tun kafin a ba shi gubar, alhali majinyaci sai ɓarna ta auku yake neman magani. Bugu da ƙari, masu bincike suna auna abin da suke bayarwa, mai jiƙo a gida kuwa da ƙoƙo yake sha. Ganye ma kansa yana iya zama guba: a ƙasar Jamaika, cikin shekarun 1950, likitoci sun gano cewa wani shayin ganyen daji ne ke toshe jijiyoyin hantar yara.

Shawara dai alama ce, kuma tana iya fitowa daga ciwon hanta nau'in B, ko toshewar hanyar matsarmama, ko guba. Gwajin jini ne ke bambance su. Wanda ya sha farasitamol fiye da kima yana da makari a asibiti, wanda ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

Don haka ya kamata duk wanda ya ga alamar shawara ya fara zuwa asibiti, ya kuma gaya wa likita irin jiƙon da ya sha, ba tare da jin kunya ba. Magidanta kuma su tabbata gyaɗa da masara sun bushe sarai kafin a zuba su a rumbu.