Kada mu sayar da Commodore 64 a kilo

Cikin kayan gwanjon Turai mukan ci karo da wata tsohuwar kwamfuta ruwan ƙasa mai suna Commodore 64, wadda ta fito a 1982. Masu tara tsofaffin na'urori suna nemanta har gobe.

Amma kada mu jona ta da tsohon akwatin wutarta: in ya lalace yakan wuce volt 5, ya ƙone mata ƙwaƙwalwa. A sayi sabo tukuna, sannan a haɗa mata SD2IEC, mai karanta wasanni daga katin memori maimakon faifai.

Wajen zaɓen wasa kuwa, Boulder Dash na 1984 da Bubble Bobble na mutum biyu ba sai an iya Turanci ba. Mai saye in ya ga tana aiki, ciniki ya faɗa.