Nawa Burodi Ɗaya Ke Ci Kafin Ya Isa Kasuwa?

Mai gidan burodi a Kano na iya sayar da kayansa kaf kowace safiya, amma ƙarshen wata ya tarar aljihu wayam. Sau tari matsalar tana wurin lissafi.

Akantocin masana'antu sun kasa kuɗin sarrafa kaya gida uku. Akwai kayan haɗi, wato fulawa, sukari da yis, akwai ladan masu kwaɓi da gashi. Waɗannan kowa na ganinsu. Na ukun ne ke ɓuya: haya, itace, man janareto, gyaran inji da tsufansa. Dole a raba su kan kowane burodi.

A ce haya naira 300,000 ce a wata. In an gasa burodi 30,000, kowanne ya ɗauki naira 10. In aiki ya ragu zuwa 15,000, sai ya ɗauki naira 20, alhali haya ba ta motsa ba.

A Afrilun 2024 kuɗin lantarki na rukunin Band A a Nijeriya ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit. Mai masana'antar da bai sake lissafi ba a lokacin, jarinsa ya riƙa ci yana zaton riba ce.