Yadda wayar hannu za ta taimaka wa mai koyon kaɗa jita

Mawaƙin nan na Nijar, Mdou Moctar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma ta katin memori da Bluetooth waƙoƙinsa suka fara yaɗuwa a wayoyin jama'a. Matashin yau ya fi shi samun sauƙi, domin wayar da ke aljihunsa za ta iya zame masa malami. Sai dai da yawa kan sayi jita, su jingine ta bayan makonni kaɗan, galibi saboda matsalolin da ke da magani.

Ta farko ita ce saiti. Jita ta yau da kullum tana da tsirkiya 6, ana saita su a kan E, A, D, G, B, E, daga mai kauri zuwa siririya. Idan saitin ya kauce, ko an danna daidai sautin ba zai yi daɗi ba, sai mai koyo ya ɗauka laifin hannunsa ne. Manhajoji kamar GuitarTuna da Fender Tune suna sauraron tsirkiyar ta makirufon waya, su nuna ko a ƙara ɗaure ta ko a sassauta. A yi haka duk lokacin da za a zauna kiɗa, kuma a wuri mara hayaniya, don ƙarar janareta na rikita manhajar.

Sai ciwon yatsu, wanda shi ya fi korar mutane. Kan yatsun hannun da ke danna tsirkiya zai yi zafi har sai ya yi kanta, abin da kan ɗauki 'yan makonni. Minti 15 kullum ya fi awa 3 a ranar Asabar kaɗai. Tsirkiyar nailan ta fi ta ƙarfe taushi. Kafin a biya kuɗin jita, a duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuyanta: idan ta yi yawa, dannawa zai zama azaba, kuma wannan aibi ya yi yawa a jita masu araha.

Darasi kuwa yana nan kyauta a YouTube. Tashar JustinGuitar ta Justin Sandercoe ta jera darussa daki-daki, kuma bin malami ɗaya ya fi tsalle daga wannan bidiyo zuwa wancan. Idan hannun malamin ya yi sauri, a rage gudun bidiyon zuwa 0.75 ko 0.5. Haɗin sauti na Em yatsu 2 kawai yake buƙata, don haka da shi ya kamata a fara, sannan G, C da D. Wahalar tana wurin sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya. A kunna agogon waya na minti 1, a ƙirga sau nawa aka sauya, a rubuta adadin. A kuma riƙa naɗar kiɗan da rikodar waya, domin kunne yakan ji kuskuren da ya wuce shi lokacin kaɗawa.

A lokacin hunturu busasshiyar iska na iya tsaga katakon jita. A ajiye ta cikin jakarta, nesa da rana, kada a bar ta cikin motar da aka rufe.