An rubuta "Dry Clean Only": shin ruwa zai kashe suwaitar?

Muna aji huɗu a makarantar kwana lokacin da wani abokinmu ya dawo hutu da suwaita ruwan toka, mai laushi kamar jikin ɗan mage. Yayansa ne ya tsinto masa ita a cikin dilar gwanjo a Ƙofar Wambai. Sati uku yana sa ta, wuya ya yi dauɗa. Ranar Asabar ya roƙi ruwan zafi a kicin, ya zuba omo, ya cuɗe ta kamar yadda muke cuɗe farar rigar makaranta, ya murɗe, ya rataya a waya cikin rana. Da la'asar abin da ya sauko da shi ko ɗan firamare ba zai shiga ba. Ta tsuke, ta yi tauri kamar darduma. Sauran hunturun nan da bargo ya riƙa zuwa karatun asuba, kuma bai iya faɗa wa yayansa ba sai da aka koma gida.

A ƙeyar suwaitar akwai ɗan ƙyalle da babu wanda ya duba a cikinmu. An rubuta "Dry Clean Only", ga kuma ɗan da'ira a gefe. Ma'anarsa a kai wa masu wankin da ba na ruwa ba. Sunan yana ruɗarwa, domin tufar tana jiƙewa, sai dai a cikin wani sinadari mai narkar da maiƙo, ba a ruwa ba. Harafin P da ake gani cikin da'irar yana gaya wa mai wankin irin sinadarin da zai yi aiki da shi. Sana'ar ta daɗe. A 1821 wani tela baƙar fata a New York, Thomas Jennings, ya samu takardar mallakar fasaha kan wata dabarar tsabtace tufa irin wannan, kuma shi ake ɗauka baƙar fata na farko da ya samu irin takardar a Amurka.

To amma ɗalibin da kuɗin tara ma sai ya yi dabara, ina zai kai suwaita wankin sinadari? Kuma gaskiyar magana, shaguna da yawa a garuruwanmu da ke kafa allon wannan suna, ruwa da omo suke sawa. Abin farin cikin shi ne yawancin saƙaƙƙun suwaitu ba ruwa ne ke lalata su ba. Tunkiya tana shan ruwan sama duk damina, gashinta bai taɓa tsukewa a jikinta ba. Kamfanoni sukan rubuta hanyar da ta fi kare su daga ƙorafi. A Amurka, inda wasu daga cikin kayan gwanjonmu ke fitowa, tun farkon shekarun 1970 doka ta wajabta sa wannan ƙyalle, amma hanyar wanki guda ɗaya tak ta ishi kamfani ya rubuta.

Abin da ya kashe suwaitar abokinmu yana cikin halittar ulu. Ulu gashin tunkiya ne, kuma sinadarin da ya gina shi, keratin, shi ne ya gina gashin kanmu da farcenmu. In aka duba silinsa a madubin ƙara girma na ɗakin kimiyya, za a ga ɓawo-ɓawo a jere kamar na kifi. Ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi suna buɗe ɓawon. In aka zo aka cuɗa, silin nan ya sarƙe da wancan, kowane ya maƙale, kuma ba sa komawa baya. Shi ya sa suwaitar da ta dunƙule haka ba ta da magani. Duk ja da miƙewar da za a yi, ɗan kaɗan za a samu. Omo kuwa, wasu nau'o'insa na ɗauke da sinadaran da aka sa don su cinye tabon jini da ƙwai da nama. Su ba su san bambancin tabon ƙwai da ulu ba. Bilic ya fi muni: narkar da ulu yake yi.

Saboda haka kafin a taɓa ruwa, a nemi ɗaya ƙyallen, wanda galibi ke ɗinke a gefen ciki, mai faɗin abin da aka saƙa rigar da shi. In an rubuta "acrylic" ko "polyester", zaren roba ne, ba shi da ɓawo, kuma yawancin suwaitun makaranta irinsa ne. Wankinsu babu fargaba in dai ba ruwan zafi. In "wool" ne ko "merino" ko "cashmere", nan ne ake lallaɓawa. Shi na ƙarshen ma gashin akuya ne, sunansa daga yankin Kashmir, ko da yake yau Sin da Mongoliya ne suka fi samar da shi. In kuma gwanjon ya zo babu ƙyalle, a tsinko ɗan sili daga ciki, a nemi babba ya kusanta shi da ashana. Ulu yana ƙauri irin na babbakar kan rago, ya bar toka mai murmushewa. Roba narkewa take ta dunƙule.

Akwai waɗanda mu dai ba za mu sa a ruwa ba: mai shafi a ciki, mai fata a gwiwar hannu, mai duwatsun ado da aka manna da gam, da kwat mai kafaɗa. "Viscose" ma yana yin rauni sosai in ya jiƙe. Haka duk wadda ke zuba. Gwajin mai sauƙi ne: a jiƙa farin ƙyalle, a danna a wani lungu na ciki. In launi ya biyo shi, a haƙura. Kuma in suwaitar ta Baba ce ko ta Yaya, a tambaye su tukuna, kada gwaninta ta jawo faɗa.

Wankin kansa ba ya cin rabin awa. Da farko a shimfiɗa ta a gado, a ɗauko rula a auna tsayi da faɗi da hannu, a rubuta a bayan littafi. A juya ta ciki ya koma waje. A cika roba mai tsabta da ruwa mai sanyi, ko wanda sanyinsa ya ɗan karye. Alamar 30 da ake gani a wasu riguna tana nufin kada ɗumin ya wuce digiri 30, wato bai kai ɗumin jikinmu ba. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke gashi, na jarirai ya fi, a motsa ya narke kafin rigar ta shiga. A danna ta ta nutse, a bar ta minti 10 zuwa 15. Sai a riƙa dannawa da tafin hannu ana saki. Wuya da bakin hannu, inda dauɗa ke taruwa, a shafa kumfa da yatsa a hankali. Mun san hannu zai yi ƙaiƙayin cuɗawa, domin haka aka koya mana wanki tun muna yara. A daure.

A ɗauraye sau biyu ko uku da ruwa mai sanyi daidai da na farko. Wurin cirowa a tallabo ta da hannu biyu daga ƙasa, kada a ɗago ta ta kafaɗa, saboda jiƙaƙƙen ulu yana da nauyi kuma nauyin kan ja saƙar. Babu murɗawa. A shimfiɗa ta kan busasshen tawul, a naɗe su tare kamar tabarma, a danna da gwiwa ko a taka. Za ku yi mamakin ruwan da tawul zai sha.

Shanya ce mataki na biyu da ake yawan yin asara. Suwaitar da aka rataya a igiya jiƙe, hannayenta za su zazzago, kafaɗa ta yi ƙaho. A kwance ake shanya ta, kan wani tawul ko tsohon zane, a inuwa, a gyara ta da hannu har ta dace da awon da aka rubuta. Iskar hunturu busasshiya ce, tana taimakawa, amma ƙurarta za ta mayar da aikin baya, don haka cikin ɗaki kusa da taga ya fi. A juya ta bayan wasu awoyi. Mai kauri takan kai kwana biyu, saboda haka ɗan makarantar kwana mai suwaita ɗaya ya lissafa da kyau kafin ya jiƙa ta ranar Lahadi da yamma.

Ba kuma kowane sati ake wanke ulu ba. In ana sa riga a ƙarƙashi, ana baza ta ta sha iska bayan an cire, wanki ɗaya ko biyu ya isa hunturu guda. Wanda bai kamata a tsallake ba shi ne na ƙarshe, lokacin da zafi ya fara shigowa wajen watan Maris. Asu yana son ulu, ya fi son wanda ke da gumi da ɗigon miya. A wanke, a tabbata ta bushe ƙarau, a ninke ta, a sa cikin jaka mai rufewa, sannan a tura ƙasan akwati.